Kallon malam-buɗe-littafi da tsuntsaye a ƙarshen zafi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka fara yawon ƙafa a karkara da bakin teku don kallon malam-buɗe-littafi da tsuntsaye, a makonnin da zafin shekara ya fara ja da baya. Yawancin misalan daga Turai suke, domin can aka daɗe ana ƙirga waɗannan halittu ana rubutawa, amma dabarun kallon iri ɗaya ne ko'ina. Waɗanda ba su da suna a Hausa an kawo sunansu na Latin, yadda za ka same shi a kowane littafi ko manhaja.

Wane lokaci ake nufi da ƙarshen zafi?

A ƙasashen da shekara ke rabuwa gida huɗu, wato Turai da Arewacin Amurka da arewacin Asiya, ana nufin daga farkon Agusta zuwa wajen tsakiyar Satumba. A kudancin duniya, irin su Ostareliya da Ajantina, abin juyawa yake, ya faɗo Fabrairu da Maris. Masu fassara labarai kan kira lokacin zafin can da sunan bazara, amma kada sunan ya ruɗe ka. Bazarar da Hausa ta sani damina ke biye da ita. Wannan kuwa kaka da sanyi ne ke tafe a bayanta, kuma duk mai fiffike ya san da haka: ko ya tara kitse ya tafi, ko ya nemi maɓoya, ko ya yi ƙwai ya mutu.

Za ka gane lokacin ko ba kalanda. An girbe gonaki, ciyawa ta bushe ta yi fari, 'ya'yan itatuwan shinge sun nuna, raɓa ta fara nauyi da safe, magariba kuma tana saurin yi.

An ce a Agusta daji shiru yake. Akwai abin gani kuwa?

Shirun gaskiya ne. Namijin tsuntsu yana rera waƙa ne don ya kare yankinsa ya kuma jawo mace, to a Agusta an gama ƙyanƙyasa, waƙa ba ta da sauran aiki. Sannan lokacin sake gashi ne. Tsohon gashin da ya sha wahalar ciyar da 'ya'ya yana zubewa, sabo na tsirowa, tsuntsun da fiffikensa ya yi giɓi kuwa ba ya son shaho ya san inda yake, sai ya lafe cikin shinge. Agwagin daji sun fi kowa shan wannan: gashin fiffikensu zubewa yake gaba ɗaya, su yi kamar makonni uku zuwa huɗu ba sa iya tashi, namijin kuma ya tuɓe adonsa ya koma kamar mace. Shi ya sa za ka ji sabon shiga yana tambaya ina mazan suka tafi, alhali ga su nan gabansa.

Sai dai duk shekara babu lokacin da tsuntsaye suka kai wannan yawa, tunda 'ya'yan bana sun haɗu da iyayensu. Ga kuma matafiya da suka fara wucewa ta gaɓa. Abin da ya sauya shi ne kunne ya rage amfani, aiki ya koma ga ido. Ni a ganina mai koyo ya fi ƙaruwa a wannan lokaci, domin dole ya koyi tsayawa wuri ɗaya.

Da wane lokaci na yini ya kamata in fita?

Ka raba yinin biyu, domin agogon kowa daban. Malam-buɗe-littafi rana yake bi. Jikinsa ba ya samar da ɗumi kamar namu, kuma tsokar fiffikensa sai ta kai wajen digiri 30 a ma'aunin Selshiyos kafin ya tashi da kyau. Saboda haka daga hantsi zuwa la'asar ne kasuwarsa. Masu ƙirga shi a Birtaniya suna da ƙa'ida mai amfani ga kowa: tsakanin ƙarfe 10:45 na safe da 3:45 na yamma, zafin iska ya kai aƙalla digiri 13 idan akwai rana sosai, ko 17 idan akwai gajimare, kuma ba a iska mai ƙarfi.

Ƙananan tsuntsayen shinge da sassafe suka fi motsi, musamman a gaɓa, inda waɗanda suka kwana tafiya ke sauka da yunwa. Na bakin ruwa kuwa ba ruwansu da agogo, teku suke bi (duba amsar cikowar teku a ƙasa). Idan ka samu ranar da teku ke cika da safe ko da yamma, tsakar rana kuma ta yi haske, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ba tare da ka jefi kowa ba.

Me zan ɗauka?

Madubin hangen nesa mai ido biyu, takalmi mai riƙe ƙafa, ruwan sha, rigar ruwa mara nauyi, ɗan littafi da fensir. A jikin madubin za ka ga lambobi kamar 8x42 ko 8x32. Na farko shi ne sau nawa yake jawo abu kusa, na biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kada ka ruɗu da babbar lamba. Mai jawowa sau 12 ko 16 rawa yake a hannu, filin da yake nunawa kuma ƙarami ne, kafin ka nemo tsuntsun ya tafi.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne tambayar iyakar kusancin da madubin ke iya nunawa tar. Wanda ba ya daidaita sai a mita huɗu ko biyar ba zai yi maka komai a kan malam-buɗe-littafi ba, sai ka ga kana ja da baya don ka ga abin da ke gabanka. Nemi mai mita biyu ko ƙasa da haka. Akwai ma Pentax Papilio da ke nunawa daga rabin mita. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a faffaɗan taɓo, amma bari sai ka tabbata abin ya shiga ranka.

Yaya zan kusanci malam-buɗe-littafi ba tare da ya tashi ba?

Abu biyu ke korarsa: motsi na farat ɗaya da inuwa. Idanunsa ba su iya tantance siffa kamar namu, amma sun ƙware wajen ganin motsi, inuwa kuma a wurinsa tsuntsu ne ya kawo hari. Duba inda inuwarka ta faɗa kafin ka taka, ka zo daga ƙasa-ƙasa, ka tafi a hankali ba tsayawa da zabura ba. Idan ya tashi kada ka bi shi. Mazan ire-ire da yawa suna da wurin zama da suke gadi, su kori abokin hamayya su dawo kan ganyen nan dai. Tsaya kawai.

Na taɓa durƙusawa gaban wani jan malam mai baƙin fiffike, *Vanessa atalanta*, yana kan ruɓaɓɓen ɗan itace da ya faɗo ƙasa. Sai da ya tattaka shi da ƙafa tukuna, domin da ƙafa suke ɗanɗano, sannan ya warware dogon bakinsa da ke naɗe kamar gammo ya soka. Ruwan ya riga ya yi tsami, ya kuwa sha har ya daina kula da ni, na kai yatsa gefensa bai motsa ba. Da hantsi kafin jiki ya yi ɗumi, da kuma irin wannan lokaci na cin abinci, su ne damar mai ɗaukar hoto.

Waɗanne iri zan fi gani, kuma a ina?

Ana da kusan iri 18,000 a duniya, Turai na da wajen 500, Birtaniya kuwa 59 kacal, saboda haka mai farawa a can ba zai sha wahala ba. A filin ciyawa mai tsayi, masu ruwan ƙasa ne suka fi yawa: *Maniola jurtina* mai tashi kamar ba ya so, da ƙaninsa *Pyronia tithonus* mai son bakin shinge. Kowanne na da baƙin ɗigo kamar ido a fiffiken gaba, amma na ƙanin fararen ƙwayoyi biyu ne a ciki, na wan galibi ɗaya. Inda ciyawa ke gajera a kan tudun alli za ka ga ƙananan shuɗɗa, irin su *Polyommatus icarus*, wanda matansa sau da yawa ruwan ƙasa ne. A gefen gonaki da lambuna, musamman kan furen *Buddleja* da asalinsa na Sin ne, manyan masu ado ke taruwa. A cikinsu akwai *Aglais io* mai idanu huɗu a fukafukai. In ya rufe su baƙi ƙirin ne kamar ƙonannen ganye, in aka taɓa shi ya buɗe su farat ɗaya yana goga su su yi huci.

Gaɓa tana da nata. *Hipparchia semele* na son yashi da tsakuwa da kan dutse. Da zarar ya sauka sai ya rufe fukafukai, ya ɓoye na gaba cikin na baya, ya karkata gefe, ya ɓace maka a fili kana kallo. *Lasiommata megera*, wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a tsakiyar Ingila, har yanzu ana samunsa yana shan rana a hanyoyin kan gaɓa. Idan kuma ka ga wani mai ruwan ɗorawa yana tsala gudu ƙasa-ƙasa ba ya tsayawa, wataƙila *Colias croceus* ne, baƙo daga kudu.

Dabara mafi sauƙi: nemi gefen da iska ba ta bugu, rana kuma tana duka, furanni na nan. Kwari ɗaya a bayan tudu kan fi kilomita biyu na fili.

Me ya sa fukafukan wasu suka koɗe suka yayyage?

Tsufa ne. Launin fiffike ƙananan ɓawo ne jere kamar rufin kwano, waɗanda ke manne wa yatsa kamar hoda, kuma in sun zube ba sa sake fitowa. Yawancin malam-buɗe-littafi makonni biyu zuwa uku suke yi bayan sun fito daga kwanso, to wanda ya fito a Yuli zuwa ƙarshen Agusta ya zama tsumma. Duba yagewar da kyau. Idan yanki mai siffar baki ya fita daga fukafukan biyu a wuri ɗaya, tsuntsu ne ya cafke shi yana rufe, ya tsira. Sau da yawa kusa da ɗigon idon nan ne cizon yake, aikin ɗigon ke nan, ya ja hari nesa da kai.

Sababbi fil da za ka gani gefen tsofaffin ko dai zuriya ta biyu ce ta bana, ko masu shirin kwanan sanyi. *Aglais io* da *Gonepteryx rhamni* mai kama da ganye suna cika ciki yanzu, su shige kogon itace ko duhun ganye har bayan hunturu. Na biyun kan kai kusan shekara a raye.

Na ga wani yana shawagi gaban fure kamar ɗan tsuntsu. Mene ne?

In a Turai ko Asiya ko Afirka kake, kusan tabbas ba tsuntsu ba ne, domin tsuntsayen da ke irin wannan shawagi a nahiyar Amurka kaɗai suke. *Macroglossum stellatarum* ne, ɗaya daga dangin malam na dare, sai dai shi da rana yake yawo. Dangin dare sun ninka na rana kusan sau tara, kuma da yawansu suna fita da rana. Hanyar rarrabewa mafi sauƙi ita ce ƙahonnin kai: na malam-buɗe-littafi suna da ɗan kulki a ƙarshe, na dangin dare kuwa yawanci kamar zare ne ko gashin tsuntsu.

Masu kallon ƙwallo ma sun taɓa haɗuwa da ɗaya daga cikinsu. A wasan ƙarshe na gasar Turai a 2016 a filin Stade de France, dubban *Autographa gamma* da fitilu suka jawo sun cika fili, har ɗaya ya sauka a fuskar Cristiano Ronaldo yana zaune da rauni. Shi ma matafiyi ne, kuma za ka tayar da shi daga ciyawar gaɓa a Agusta.

Da gaske ne malam-buɗe-littafi na ƙetare teku da hamada?

Da gaske ne, kuma gwanin abin shi ne *Vanessa cardui*, mai ruwan goro da baƙi da fararen ɗigo, wanda nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Zagayensa daga Afirka kudu da Sahara zuwa can arewacin Turai da dawowa yana kai wajen kilomita 14,000. Amma ba mutum ɗaya ke yin tafiyar ba. Wanda ya tashi yakan yi ƙwai a hanya ya mutu, ɗansa ya ci gaba, haka har zuriya shida. Wanda ka gani a gaɓar Turai a Satumba yana fuskantar kudu, zai koma ƙasar da kakan kakansa ne kawai ya san ta, ba jagora ba taswira.

An daɗe ana zaton sanyi ne ke kashe su a arewa, domin ana ganin zuwansu ba a ganin komawarsu. Shekarar 2009 ce ta warware gardamar. A shekarar sun yi ambaliya, dubban mutane suka aika rahoton abin da suka gani, na'urar rada kuma ta nuna kimanin miliyan 11 sun shiga Birtaniya, miliyan 26 sun fita da kaka. Ashe sama suke hawa, fiye da mita 500, su hau iskar da ta dace su yi gudun kilomita 45 a awa. Ido ba ya kaiwa can.

Akwai abin da ya fi wannan. A Oktoban 2013 masanin ƙwari Gerard Talavera ya tsinci wasu da yagaggun fukafukai a bakin tekun Gayana ta Faransa, a Kudancin Amurka, inda ba a san su ba. Bayan shekara goma ana bincike, har da garin furen da ya manne a jikinsu, aka tabbatar a 2024 cewa daga Afirka ta Yamma suka ƙetare Atilantika, aƙalla kilomita 4,200. A Arewacin Amurka kuwa *Danaus plexippus* ne ke fara gangarawa a ƙarshen Agusta zuwa duwatsun Michoacán na Meziko, kuma Cape May a New Jersey sanannen wuri ne na ganinsu.

Waɗanne tsuntsaye ne ke tafiya yanzu, kuma ina za su?

'Yan ci-rani ba rana ɗaya suke tashi ba. Baƙar tsattsewa mai fiffike kamar lauje, *Apus apus*, tana cikin na farko: farkon Agusta za ka wayi gari sama ta yi tsit. Masana a Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna a 2016 cewa takan yi wata goma a iska ba ta sauka ba. Tsattsewa mai rababben wutsiya, *Hirundo rustica*, ita takan jinkirta, ta jeru a kan wayoyin lantarki, da magariba ta kwana dubbai cikin dogayen ciyayin fadama. An fara sanin inda ta Birtaniya ke zuwa ne a Disamban 1912, da aka kama ɗaya a Natal ta Afirka ta Kudu da zoben da aka sa mata a Staffordshire a 1911. Shahon kifi, *Pandion haliaetus*, yakan nufi Senegal da Gambiya, uwa ta riga tafiya, uba ya tsaya ciyar da 'ya'ya, 'ya'yan su bi daga baya kowa shi kaɗai.

A kan dutsen gaɓa ka lura da wani ɗan tsuntsu mai tsayuwa ƙyam, in ya tashi ka ga farin gindi. *Oenanthe oenanthe* ke nan, giram 25 ne, amma na Alaska kan yi kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka. Manyan masu shawagi, shaho da farar shamuwar Turai, ba sa son doguwar teku domin babu iska mai ɗumi da ke tasowa daga ruwa ta ɗaga su. Sai su taru inda tekun ya tsuke: Falsterbo a Suwidin, mashigin Jibraltar, Bosforus a Turkiyya, da Batumi a Jojiya, inda ake ƙirga sama da miliyan ɗaya a kaka guda. Ko ba ka je can ba, duk hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku yana tara matafiya.

Tsuntsayen taɓo duk kama ɗaya suke yi mini. Ta ina zan fara?

Kowa haka ya fara. Bar launi tukuna, ka dubi abu huɗu: girma, tsawon baki da lanƙwasarsa, launin ƙafa, da yadda yake cin abinci. Na ƙarshen ya fi saurin shiga kai. Wanda ke bin igiyar ruwa da gudu in ta koma, ya tsere in ta dawo, *Calidris alba* ne. Mai juya tsakuwa da baki *Arenaria interpres* ne. Mai gudu ya tsaya cak ya tsinci abu ya sake gudu, dangin zakaran ƙeƙuwa ne. Babba mai dogon baki lanƙwasasshe ƙasa *Numenius arquata* ne, mafi girman irinsu a Turai. Mai jan ƙafa da ke tashi da ihu ya tona maka asiri ga duk fadamar, *Tringa totanus*. Ka san waɗannan biyar sosai, sauran za ka riƙa auna su da su. Kama da wane ba ta wane.

Manya kan fara dawowa daga can arewa mai ƙanƙara tun Yuli, da sauran adon aure a jikinsu ya fara ɓarewa. 'Ya'yan bana sai Agusta da Satumba, gashinsu sabo, kowanne da ɗan farin baki kamar an yi masa ɗinki. Tekun Wadden, tsakanin Holan da Jamus da Denmak, yana karɓar tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 a shekara, da yawansu kuma Banc d'Arguin ta Muritaniya za su. A 2022 wani ɗan wata biyar daga irin *Limosa lapponica* ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11.

Yaya ake karanta cikowar teku, kuma ina haɗarin yake?

A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, saboda haka kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan ta. Kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata, da kuma bayan wata ya cika, cikowar ta fi girma, janyewar ma ta fi nisa. In ruwa ya janye tsuntsaye na can nesa kamar ɗigon tawada. Ka iso awa biyu ko uku kafin cikowa ka zauna, ruwan da kansa zai koro maka su. Jadawalin kowace gaɓa na nan a intanet, amma ka tabbata na wurin da za ka ne, ba na maƙwabciya ba.

Ruwan ba da gudu ɗaya yake shigowa ba. A awa ta uku da ta huɗu bayan ya fara cikowa rabinsa ke shigowa, kuma a shimfiɗaɗɗen yashi yakan fara cika kwarurruka na bayanka kafin ka ga komai a gabanka. A Morecambe Bay ta Ingila mutum sama da 20 masu tsintar katantanwar teku suka nutse haka a Fabrairun 2004. Kada ka taka taɓon da ba ka sani ba, kada ka bi ƙarƙashin gaɓar dutse in ruwa na shigowa, a samanta kuma ka bar baki da nisa, madubi a ido kan sa mutum ya manta ƙafarsa. Lambar gaggawa a Turai 112 ce, a Birtaniya 999 ma na aiki, ka nemi masu gadin gaɓa.

Na ga tsuntsun da babu shi a littafina.

Mai yiwuwa ɗan bana ne, ko babba ne cikin sake gashi (duba amsar shirun Agusta). Ɗan *Erithacus rubecula* ba shi da jan ƙirjin iyayensa, ɗigo-ɗigo ne kawai. Manyan fararen tsuntsayen teku irin *Larus argentatus* shekara huɗu suke yi kafin su yi fari da toka, kafin nan ruwan ƙasa ne dabbare-dabbare. Duba wanda yake bi yana roƙo, shi zai faɗa maka ɗan wane ne. Baƙon da ba a saba gani ba yakan zo, amma ka fara zargin na gida.

Manhajar waya ba ta wadatar ba?

Tana taimakawa. Merlin ta Jami'ar Cornell tana gane hoto, tun 2021 kuma tana gane kuka, iNaturalist kuwa ta haɗa da ƙwari da tsirrai, mutane kuma na duba abin da ka ɗora. Amma sukan yi kuskure, musamman a kan 'ya'yan bana da koɗaɗɗun fukafukai, wato ainihin abin da ya cika wannan lokaci. Shawarata, ka kalli abin minti ɗaya, ka faɗa wa kanka abu uku da ka gani, sannan ka ciro waya. Wanda ya fara da waya sau da yawa suna yake komawa da shi gida, in ka tambaye shi launin ƙafa bai sani ba.

Banda teku, me zan kiyaye a hanya?

Kaska ce ta farko. A doguwar ciyawa take, wasu kuma na ɗauke da cutar Lyme. Sa dogon wando ka cusa cikin safa, ka duba jikinka in ka dawo. In ta kama, cire ta da ɗan hantsaki daga kusa da fata, ka ja a miƙe, ba ƙonawa ba shafa mai. In ja ya fito yana faɗaɗa kamar zobe cikin kwanaki ko makonni, ko zazzaɓi ya biyo baya, je asibiti. Shanu masu 'yan maruƙa a ba su hanya, musamman in kana tare da kare. Tsuntsun da ka tarar a mace ko yana layi kada ka taɓa, murar tsuntsaye ta yi ɓarna sosai a mazaunan tsuntsayen teku a 2022.

Dokar shiga gona kuma ta bambanta. A Suwidin da Norwe da Sikotlan mai tafiya da ƙafa na da 'yancin ratsa yawancin fili muddin bai yi ɓarna ba, a Ingila galibi sai ta hanyoyin da aka ware. Ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta.

Laifi ne in tayar da garken tsuntsaye don in yi hoto, ko in kama malam-buɗe-littafi?

Tayar da garke ba ƙaramin abu ba ne. Tsuntsun da ke hutawa lokacin cikowa kitsen tafiya yake adanawa, duk tashin banza ragi ne daga guzurinsa. In ka ga kawuna sun ɗago an daina ci, ka matso da yawa, ja baya. Kare a igiya. Kamawa kuwa, ƙasashe da yawa sun hana taɓa wasu ire-ire, a gandun da aka keɓe ma sai da izini. Madubi mai nuna kusa da kyamarar waya sun ɗauke wa mai sha'awa buƙatar raga.

Abin da na rubuta a ɗan littafina zai amfani wani?

Zai amfana, in ka rubuta kwanan wata, wuri, adadi da yanayin gari, ka kuma aika. Tsarin ƙirgar malam-buɗe-littafi na Birtaniya ya fara a 1976 da hanyar da Ernie Pollard ya tsara: mutum ya bi hanya ɗaya kowane mako daga Afrilu zuwa Satumba, ya ƙirga abin da ya shigo cikin mita biyu da rabi dama da hagu da mita biyar gabansa. Ƙasashe da dama sun ɗauki hanyar. Ga wanda ba shi da wannan lokaci, ƙungiyar Butterfly Conservation na shirya ƙirgar minti 15 kowace shekara tun 2010, daga Yuli zuwa farkon Agusta. Na tsuntsaye kuwa shafin eBird, da aka kafa a 2002, na karɓa daga ko'ina a duniya tun 2010. Ranar da ba ka ga komai ba ma ka rubuta, sifili lamba ce.

A 1969 masu irin wannan ƙirga a Birtaniya suka lura wani ɗan tsuntsun shinge mai farin maƙogwaro bai dawo daga ci-rani yadda ya saba ba, fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka tarar farin da ya afka wa Sahel ne ya cinye su. Waɗanda suka fara ganin alamar mutane ne masu yawo bakin shinge da fensir.